Na biya kuɗin gida a Gwagwalada kafin magada su sa hannu

A ƙarshen shekarar 2022 na tura wa wani mutum kashi uku cikin huɗu na kuɗin wani gida a unguwar Dagiri da ke Gwagwalada. Ban ga asalin takardun gidan ba, ban kai an bincika su ba, kuma abin da ke hannuna kawai shi ne 'yar guntuwar takarda da dillali ya rubuta, muka rattaba mata hannu ni da mai sayarwa da shaidu biyu. Gidan bai zama nawa ba. Kuɗina sun dawo da guntu-guntu, a lokacin da darajarsu ta riga ta zube. Wannan asarar na iya haɗiye ta. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, a sanadiyyar gaggawata wata mata mai takaba da 'ya'yanta ƙanana suka yi watanni babu abin da suka dogara da shi na cefane.

Ni mutumin Zariya ne, aikin koyarwa ya kawo ni Abuja. Kamar dubban ƙananan ma'aikata, Gwagwalada ce ta karɓe ni, domin hayar cikin birni ba ta mai albashi irin nawa ba ce. Garin yana kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, ga Jami'ar Abuja, ga asibitin koyarwa, saboda haka ɗaki ba ya kwana babu mai nema, kuma duk shekara mai gidanmu a Kutunku sai ya yi ƙari. Da na gaji, na sayar da gonar da na gada, na ci bashin ƙungiyar ma'aikata, maiɗakina ta kwashi adashinta ta haɗa da sarƙa da 'yan kunnen aurenta. Gumin mutum biyu ne da gadon mahaifina, na haɗa wuri ɗaya.

Gidan da dillali ya nuna mini jerin ɗakunan haya ne, ɗalibai ne a ciki da wasu ma'aikatan jinya, da ɗan fili a baya inda na ƙudura zan yi wa iyalina gini. Mai sayarwar magidanci ne matashi, masallacinmu ɗaya, shi ke karɓar kuɗin haya, kuma duk unguwa da sunansa ake kiran gidan. Muka zauna, na taya, ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani, aka ja aka ja har ya ce ya sallama. Aka yi addu'a, na ba da kafin alƙalami. Muka je wajen mai unguwa, muka ce, "Ranka ya daɗe, ciniki muka yi, muna son ka shaida." Dattijon ya dubi mai sayarwa ya tambaye shi ko akwai wata rigima a kan gidan, ya ce babu. Aka buga hatimi.

Takardun da aka nuna mini hoto ne. Da na nemi na asali, sai aka ce suna hannun kawunsu a Suleja, za a kawo. Ba a jima ba dillali ya kira ni da dare: "Malam, wani Alhaji daga Zuba ya yi ƙari a kan kuɗinka. Idan ba ka ba da wani abu mai kauri ba, yaron nan zai iya canza magana." Da safe na shiga wayata na yi taransifa.

Ga inda laifina yake, kuma ba ni da wanda zan jingina wa. Na san gidan na mahaifin mai sayarwar ne, domin da ni aka yi jana'izar dattijon. Na san ya bar iyali. Tambayar "an raba gado kuwa?" ta zo mini har bakina a ranar ciniki, na mayar da ita, saboda ina jin nauyin in nuna wa mutumin da muke haɗa sahu kullum cewa ban yarda da shi ba. Maiɗakina ma ta tambaye ni a daren: "Malam, su sauran 'yan'uwansa fa, sun sani?" Na ce mata ai shi ne babba, kuma mai unguwa ya shaida. Ta yi shiru. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara lissafi, ban zauna na lissafa rabon mutum ɗaya a cikin gidan gado ba, don ba na son amsar ta hana ni abin da raina ya kwallafa a kai.

Sai na ƙara wani kuskuren a kan na farko. Tun ban cika kuɗi ba, tun ba a miƙa mini mallakar gidan a rubuce ba, na sa mai sayarwa ya ba 'yan haya notis, wai ina son in fara gyara kafin damina. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu a tsakiyar zangon karatu. Ashe daga kuɗin hayar nan ne ake aika wa amaryar marigayin abin da take ciyar da yaranta. Da aiken ya tsaya, ta bi sawu har ta gano dalili. Wata la'asar ta yi sallama a ƙofar gidana, da goyo, da wani ƙaninta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, an ce kai ka sayi gidan marayu. Na zo in ji wa ya sayar maka da rabonsu." Na rasa abin da zan ce mata.

Washegari na je wajen wani malamin fiƙihu da nake ɗaukar karatu a zaurensa, ya sa na kawo alƙalami. Marigayin ya bar mace ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata biyu, iyayensa sun riga shi rasuwa. Matar tana da tumunin takaba, wato kashi ɗaya cikin takwas. Abin da ya rage a raba shi takwas, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. Rabon wanda ya sayar mini bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gidan ba, ni kuwa na ba shi kashi uku. Malam ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya, wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikin yana rataye ne har sai mai abu ya amince, idan ya ƙi ya warware. Manyan magada suna iya amincewa da bakinsu. Ƙananan kuwa, zama babban wa ba ya ba mutum ikon sayar da dukiyarsu. Wannan iko na uba ne, sai wasiyyin da ya naɗa, sai alƙali, kuma shi ma sai an ga maslahar yaran. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka san aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidun ciniki ta sauka, me ya kai ka?" Aya ta 282 a Suratul Baƙara yake nufi. Na san ta, na sha karanta ta, amma ban taɓa ɗaukarta a matsayin umarnin da ya shafi ranar da zan fitar da dukiyar iyalina ba.

Daga nan na nemi lauya, abin da ya kamata in fara da shi. Da ya karɓi hoton takardun, bai ma fara da maganar gado ba. Ya nuna mini cewa takardar da nake kira ta mallaka ofa ce ta ƙaramar hukuma, tun ta shekarun 1990, kuma sunan da ke kanta ba na marigayin ba ne, na wani ne da ya sayar masa da takardar hannu. Ya ce, "Malam, cinikin biri a sama ka yi. Ko da duk magada sun sa hannu, da sauran aiki a gabanka."

A nan ne na fahimci abin da yawancinmu baƙin Abuja ba mu sani ba, ko muka sani muka kau da kai. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita, ta sa duk ƙasar yankin a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sake tabbatar da haka. A jihohi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna riƙon filaye, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. A Abuja kuwa Ministan Babban Birnin Tarayya ne kaɗai ke ba da haƙƙin zama a fili, ko a Maitama ne ko a Dobi, kuma Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Madu da Madu a 2008. Ƙananan hukumomin nan shida, wato Gwagwalada, Kuje, Kwali, Abaji, Bwari da ta birni, sun raba filaye masu yawa a shekarun baya, mutane suka yi gini, aka sayar, aka sake sayarwa. Waɗannan takardu ba su zama cikakkiyar hujja ba sai hukumar Abuja ta tantance su ta amince. An kafa hukumar AGIS mai ajiye bayanan filaye a 2003, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Minista, kuma tun 2006 aka buƙaci a miƙa takardun ƙananan hukumomi don tantancewa. A watan Afrilun 2025 hukumar Abuja da kanta ta bayyana cewa cikin takardu sama da 260,000 da aka miƙa, waɗanda aka duba ba su kai 10,000 ba. Ke nan mafi yawan gidajen da muke ciniki a Dagiri da Kutunku da Unguwar Dodo da Tungan Maje, takardunsu suna kan layi ne, wasu ma ba a kai su layin ba.

Ba zan wuce nan ba sai na ce wannan doka tana da ɗaci ga Gbagyi da Bassa da Koro da Gade da sauran waɗanda kakanninsu suka noma ƙasar tun kafin a yi mafarkin Abuja, kuma kukansu a kan diyya da matsuguni kuka ne na gaskiya. Amma mai saye ya sani, hatimin mai unguwa ko na dagaci shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ta ba ka ƙasa. A Zariya, inda na tashi, ciniki irin wanda na yi yana tsayawa da ƙafarsa, domin mai unguwa ya san gida tun daga kakan mai shi, ya san matansa, ya san 'ya'yan da ke Legas da waɗanda aka aurar Kano. Gwagwalada garin baƙi ne. Dattijon da ya buga mana hatimi bai san akwai wata amarya a wani gari ba, kuma ya yi tambayar da ta dace. Ni da na sani ne na yi shiru.

Lauyan ya ba ni labarin yadda ake yi a Ingila, inda muka gaji yawancin dokokinmu na cinikin ƙasa. A can, daidaitawa a kan farashi ba ta ɗaure kowa, kuma dokarsu ta 1989 ta ce cinikin ƙasa sai a rubuce, da sa hannu. Lauyan mai saye zai yi ta bincike, wani lokaci makonni: wa ke da gidan, akwai jingina a banki, akwai hanya da hukuma ke shirin fitarwa ta wurin. Idan komai ya fita, sai a buga yarjejeniya kofi biyu iri ɗaya, kowa ya sa hannu a nasa, lauyoyin su yi musaya. A wannan ranar ce mai saye ke ajiye wani kaso, galibi 10 cikin 100, kuma daga ranar duk wanda ya janye zai yi asara. An rubuta ranar cika kuɗi a ciki, kuma a ranar ce ake ba da makulli. Su ma suna da abin da suke kuka da shi, domin kafin musayar mai gida yana iya juya baya ya karɓi tayin wanda ya fi ka, ka tashi da asarar kuɗin lauya. Amma na gwammace wannan asarar sau dubu. Da na bar Alhajin Zuba, in ma akwai shi, ya ɗauki gidan, da abin da na rasa bai wuce kuɗin bincike da ɓacin ran 'yan kwanaki ba.

Lauyoyinmu ma haka aka koya musu, kuma haka suke yi wa masu kuɗi a cikin birni. Mu ne masu ƙaramin ƙarfi muke ganin kuɗin lauya ɓarna ne, alhali ba ma ƙyashin ba dillali la'adarsa, wadda galibi takan kai kashi 5 cikin 100. Ban zargi dillalina da ha'inci ba, domin ban tabbatar ya san abin da ke ƙasa ba. Sai dai shi abincinsa yana cikin faɗuwar ciniki, don haka ba shi ne zai binciko maka dalilin fasawa ba. Wannan aikin na wanda kai ka biya ne don ya tsaya maka kai kaɗai.

Maganar ta ƙare a kotun yanki, inda magadan suka kai rabon gadonsu. Aka yi wa gidan kima, ta haura abin da muka yi ciniki a kai. An yi mini adalci, aka ce in cika in ɗauka, amma ba ni da abin cikawa, ga kuma matsalar takardu. Aka sayar wa wani. Wanda ya karɓi kuɗina ya riga ya zuba su a mota da wani kasuwanci, sai aka cire mini wani abu daga rabonsa, ya sayar da motar ya ƙara, saura ya riƙa biya sannu a hankali. Abin da ya cece ni a gaban alƙali shi ne shaidar banki, domin guntuwar takardar dillali ba ta faɗi adadin da na ƙara ba, ba ta faɗi ranar cikawa ba, ba ta faɗi abin da zai faru idan ciniki ya warware ba. Ana cikin wannan biya aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti da ake saya ƙasa da naira 5,000 ya kai 10,000 a wasu wurare. Lokacin da kuɗina suka cika, ko fuloti mai kyau ba za su saya ba a inda dā za su sayi gida.

Daga kason farko da ya shigo hannuna na biya matar marigayin hayar watannin da ɗakunan suka yi a rufe. Malam ne ya ce wannan yana wuyana, tunda ni na sa aka tashi mutane daga gidan da ban mallaka ba. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe. Maiɗakina ma na nemi tata, ban kuma iya mayar mata da sarƙarta ba har yau. Ɗaliban da na tarwatsa wa zama kuwa, wasu na same su, wasu sun gama sun bar gari.

Har yanzu ina haya a Kutunku. Abin da ya canza shi ne, abokan aiki sukan ce in raka su duba gida, kuma na daina jin nauyin tambaya. Ina cewa a kawo asalin takarda mu riƙe ta da hannu, mu ga sunan da ke kanta, a bi mana yadda ta taso daga wannan suna har zuwa mai sayarwa. Ina cewa lauya ya kai lambar fayil AGIS a fitar da rahoton bincike, a ga ko an jinginar, ko an soke, ko an ba wani, ko akwai bashin harajin ƙasa, domin a watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta soke takardu 4,794 a cikin birni saboda wannan bashin kaɗai. Safiyo ya zo ya auna, a tabbatar filin da ke takarda shi ne wanda muke tsaye a kai, kuma a Gwagwalada a tambayi maƙwabta inda ruwan kogin Usuma yake kaiwa da damina. Idan mai gida ya rasu, sai mun ga takardar rabon gado daga kotu ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma kowane magaji baligi ya zo da kansa, har matan da ke gidan aure, ƙanana kuma a ga wanda alƙali ya wakilta musu. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, a rubuta cewa yana cikin kuɗin gida kuma zai dawo idan bincike ya nuna aibi. Malaman Malikiyya ma ba su yarda da kafin alƙalamin da mai kaya zai cinye idan ciniki bai faɗa ba. Sauran kuɗi kuwa ba sa motsi sai a zaman da za a sa hannu a takardar miƙa mallaka, a ba da takardun asali da makulli, sannan a bi neman amincewar Minista da rajista.

Kwanan baya wani mai sayarwa ya fusata da waɗannan tambayoyi, ya ce mun mai da shi ɓarawo, ya naɗe takardunsa ya tafi. Abokina ya ji haushina na 'yan kwanaki. Wataƙila mutumin mai gaskiya ne, Allah ne masani. Amma na lura masu gaskiya sun fi saurin cewa "bismilla, ku je ku duba," domin binciken yana wanke su ne.

Roƙona yana ga waɗanda ake kira shaida: limamai, masu unguwanni, dattawan layi, da kai mai karatu da wata rana aboki zai ce ka zo ka sa masa hannu. Mai saye a ranar ciniki idonsa ya rufe, mai sayarwa kuɗi yake hange, kai kaɗai ne a wurin ba ka da abin samu ko rasawa. Kafin ka karɓi biro, ka tambaya da babbar murya ko mai gidan na asali yana raye. Idan aka ce ya rasu, ka ce a lissafa maka matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi inda kowannensu yake, kuma kada ka sa hannu sai ka ga nasu.